Kujerar Baya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau ma mu huɗu aka cusa a bayan Golf daga Dutsin-Ma har Kurfi, ga buhun wake ya tokare mini ƙeya. Da na sauka a ƙofar asibiti sai da na dafa bango kafin bayana ya miƙe. Shekara goma sha ɗaya ina wannan zirga-zirga, in iso da ƙafa a sage in hau karɓar haihuwa. Ya isa haka nan, mota zan saya. Maigidana, marigayi Malam, ya koya mini tuƙi tun kafin ya kwanta ciwo, hannuna kuma bai manta ba. Don zuwa aiki nake sonta, shi ke nan.

Laraba, 3 ga Satumba

Ƙanena Garba ya dawo daga Kano. Ya ce cikin yarinyar ya shiga wata bakwai.

Ko a nan da ba mai gani, "yarinyar" nake rubutawa. Ɗiyar fari ce, ban taɓa faɗin sunanta ba. Ranar da aka yaye ta, Yaya Ma'u, yayar Malam, ta goye ta ta tafi Kano, ni kuwa na shige ɗaki na hau ninke kaya don kada a ce na nuna damuwa. A can ta girma, a can aka yi mata aure bara. Ma'u take kira Umma. Ni Maman Dutsin-Ma ce.

Haihuwar fari a gidan uwa ake yin ta. To, wace uwar? Garba ya ce Yaya Ma'u har ta fara tara itacen wankan jego. Mijin yarinyar kuma, Mas'ud, ya ce shi dai ba zai saka mace mai tsohon ciki a motar haya ta yi tafiyar awa uku ba.

Garba ya dube ni ya ce, "Yaya Rekiya, in kina son ta taho nan ki hwaɗi, in kai masu saƙo."

Na ce duk yadda suka yi daidai ne. Ƙarya na yi, kuma ya tashi ya tafi da ita a haka.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun je Katsina wajen masu sayar da motoci, ni da Malam Rabe bakanike, wanda shi yake gyara wa Malam tasa a da. Shi yana buɗe inji yana leƙa ƙarƙashi, ni kuma duk motar da aka nuna mana sai in buɗe ƙofar baya in zauna.

Dillalin ya gaji ya ce, "Hajiya, mi kike nema a baya? Ba ke za ki tuƙa ba?"

Na ce ai mutum yakan rage wa wani hanya.

Uku muka gani. Wata jif baƙa 'yar Kwatano, kyau kam ba magana, amma sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau. Mace mai nauyi ba za ta iya ba. Wata ƙarama ja, Rabe ya yaba ta, wai ba ta shan mai, ita ta dace da Kurfi kullum. Gwiwata tana taɓa kujerar gaba. Ta ukun warin sigari ya kama kujerunta, ni da ba ni da komai ma sai da zuciyata ta tashi.

A hanyar dawowa Rabe yana ta ƙorafin na bar ja. Na ƙyale shi.

Litinin, 8 ga Satumba

Wata yarinya daga Birchi ta haihu a hannuna da hantsi, haihuwar fari. Uwarta ta ƙi shigowa ɗakin don kunya, tana can bakin taga tana jan carbi. Amma dai tana bakin tagar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na dafa shinkafa gwangwani ɗaya, rabi ya kwana. Gidan nan ya yi mini yawa.

Asabar, 13 ga Satumba

Wani malamin jami'a zai bar gari, yana sayar da motarsa. Ta hannu ce, ruwan toka, ta ɗan kwana biyu, gefen hagu an taɓa yi mata fenti. Otomatik ce, ba ruwana da taka kuloci. Esi yana sanyi har baya. Kujerar bayan faɗi gare ta, ba ta yi ƙasa can ba, ba ta yi sama ba.

Na ce Rabe ya ja mu hanyar Karofi, inda ruwan bana ya cinye titi. Na zauna a baya da kwanon sha cike da ruwa a kan cinyata. Ya waigo ya ce, "Hajiya, wanga kuma wane irin gwaji ne?" Na ce ya tuƙa dai. Mun faɗa ramuka sun fi goma, ruwan ya yi ta rawa amma ɗan kaɗan ya zuba a zanena.

Da muka tsaya sai ya goge hannu da tsumma. Can ya ce, "Shok ɗin baya zan sake maki sababbi. Sai ta ƙara laushi. Allah ya sauke ta lahiya."

Ban gaya masa komai ba fa. Na ce amin ina kallon wani wajen.

Ta fi jar nan shan mai, ya faɗa mini har sau biyu. Na ji.

Talata, 16 ga Satumba

Na saya. Takardu sun cika, Rabe ya duba lambar inji da kansa. Na ce Garba ya kira Kano ya gaya musu na yi mota. Iyakar saƙon ke nan. Ai mai hankali zai gane.

Asabar, 20 ga Satumba

Ba su gane ba. Ko sun gane sun yi kamar ba su gane ba.

Yarinyar ta kira da safe. "Mama, an ce kin yi mota. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya." Na ce amin. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Na ce ta riƙa shan maganin ƙarin jini. Sai ta ce jibi za ta koma gidan Umma, Mas'ud ya yarda.

Na ce to madalla.

Na fita na wanke motar da ba ta yi datti ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi fushi ba in ba ni ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Minti talatin daga ƙofar gida zuwa Kurfi, bayana lafiya lau. Ba mai taka mini ƙafa, ba mai gardamar farashin taki a kunnena. Abin mamaki, yau har kewar hayaniyar Golf na yi. Ina duba madubi in ga kujera wayam.

Lahadi, 28 ga Satumba

Jiya na je Kano. Na ce wa Garba gwada ta zan yi a doguwar hanya. Na fita da sassafe ta Kankiya, na bi ta Bichi.

Yaya Ma'u ta karɓe ni da fura da tabarma, kamar baƙuwar da ta zo daga nesa, kuma hakan nake. Itacen yana jibge a tsakar gida. Yarinyar ta fito ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni. Ƙafafunta sun ɗan kumbura. Na kalli ƙafafun, ban kalli fuskar ba.

Ma'u ce ta ce, "Ke, tashi ki shiga motar uwarki ku zaga, ki sa mata albarka."

Ta shiga baya. Tunda aka yaye ta ba mu taɓa zama mu biyu kaɗai a rufe ba sai jiya. Na yi ta tuƙi ban san inda za ni ba. Ta ce motar akwai daɗi, ko rami ba a ji. Na ce shok ɗin sababbi ne. Sai ta ce, da ƙaramar murya, "Kawu Garba ya ce kin ce duk yadda aka yi daidai ne."

Na ce haka na ce.

"Na ɗauka ko ba kya so in zo ne."

Wata babbar mota tana gabana, na kafa mata ido. Da a ɗaki ne da na tashi na fita, na san kaina. To a mota ina za ka? Na ce, "Ina so." Na ji tana jan hanci har muka dawo.

Yaya Ma'u na fi jin tsoro. Na same ta a kicin na faɗa mata a tsaye ina son yarinyar ta zo ta haihu a wurina. Ta daɗe tana juya miya kafin ta ce, "Rekiya, shekara ashirin da ɗaya ina cewa ranar da kika buɗe baki ba zan hana ki ba. Amma ban ga dalilin da zan miƙo miki ita ba, alhali ba ki tambaya ba. Ni ma ɗiyata ce." Ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne, alhali a kan gas take girki. Na ji kunyarta, na kuma ji tausayinta. Na ce ɗakin Malam yana nan, ta zo ta zauna har a yi arba'in. Ta ce sai ta gani.

Mas'ud ya zo bayan azahar, ya gaishe ni daga nesa kansa a ƙasa. Ya zaga motar, ya shiga baya ya zauna, ya fito. Ya ce wa Ma'u, ba ni ba, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An kawo itace amalanke biyu. Na sa an gyara murhun bayan gida. Ma'u ta aiko a tambaye ni ko ina da babbar tukunya ko ta taho da tata.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je Kano na ɗauko ta, awa huɗu muka yi a tafiyar awa uku. Direbobi suna ta yi mini hon, su ta shafa. Na tsaya a Tsanyawa ta taka ƙafa, na tsaya a Kankiya ta yi alwala. Daga nan barci ya ɗauke ta, kanta a kan filon da na sa mata.

Mun iso ana kiran la'asar. Na kashe mota, ba ta farka ba. Na buɗe ƙofar baya na tsaya. Ma'u sai daga baya za ta biyo mu, Garba bai zo ba tukuna, layin kuma ba kowa, ba wanda zan ce wa ya tashe ta. Na ce "ke" sau biyu, ko motsi. To ya zan yi, in bar ta cikin zafi? Na kira sunanta. Muryar ta fito wani iri, kamar ba tawa ba. Ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙo hannu na ɗaga ta.

Ba wani abu ba ne, larura ce.

Mai ya kusa ƙarewa, gobe in sha kafin layi ya yi tsawo. In tuna wa Rabe ƙarar da nake ji a tayar gaba. Tuwon dawa na tuƙa, gwangwani uku, miyar kuka, ban sa yaji da yawa ba.

Surayya ta ci ta ƙara.