Jar Alkamar Baba

Jega, 9 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga maigidana Waliyyu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya Birnin Kebbi da sabon aiki? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ƙanenka Malami ya kawo alkamar fadamarmu ta Jandutsi, amma raina bai kwanta da ita ba. Ka san irin da Baba ya bar mini kafin rasuwarsa: ja ce, 'yar siririya, garinta da danƙo. Wagga fara ce, ƙatuwa. Na murza taliya tana tsinkewa a hannuna. Alkakin bikin ɗiyar Mairama a Aliero kuwa, tun cikin mai ya wargaje. Da kunya na dawo gida.

Da fari na zargi mai injin niƙa da haɗa mini masara. Na tsaya a kansa har ya gama, ba shi ba ne. Malami kuma tun ran da ya kawo ta ba ya haɗa ido da ni. Ban ce ya musanya ba, amma ka tambaye shi.

Taka,
Hamsatu

Jega, 26 ga Afrilu, 1992

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan jiki lafiya. Shiru ban ga amsarka ba, kai da wasiƙa ba ta kwana hannunka. Shirun nan ya tashe ni zuwa Jandutsi.

Malami ya yi ta kame-kame. Sai da na ce zan kai maganar gaban Innarku, sannan ya buɗe baki. Wai kai ka kawo mishi sabon iri daga malaman gona don ya fi cika buhu, ka ce a shuka kada a gaya mini. Irin Baba kuwa, tuwo anka tuƙa wa 'yan aiki da shi.

Na roƙi Malami gafara. Mutum biyu na ɗauki alhakinsu, ban taɓa kawo ka a raina ba. Da ka tambaye ni, da na ce a raba fadamar biyu.

Gwaggona Gudiya ta Maiyama tana da tiya biyu na jar alkamar Baba. Gobe zan karɓo, in sanyi ya shigo da hannuna zan shuka. Inda zan ajiye ta kuwa, ni kaɗai zan sani.

Ka zo mu yi magana baki da baki. Allah ya tsare hanya.

Matarka,
Hamsatu