Gorar Malam Buba da Abin da Na Zuba a Ciki

Zuwa ga Inna, a makwancinki na Fagam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah Ya ƙara haskaka kabarinki, ƙarar mijinki na kawo miki. Na san baƙi ne za su karanta wannan a wayoyinsu, amma ba ni da wani wurin kai ƙarar.

Baba ba shi da lafiya, Inna. Ciwon daji ne a hanta. Daga asibitin Birnin Kudu aka tura mu Kano, ni da shi da ƙanena Sani. Likitan ya ce ciwon ya wuce a yi aiki a cire, amma akwai wani sabon magani da ake gwadawa. Za a zura siririn bututu ta jijiyar jini daga cinya har ya isa hanta, a zuba maganin a kan ciwon kansa, kamar yadda kike zuba taki a gindin kuɓewarki maimakon ki watsa wa gona duka. Bai yi mana alkawarin warkewa ba, ya ce gwaji ne. Sharaɗinsa ɗaya, sai sauran hantar ta yi ƙarfin ɗauka. A lokacin idon Baba ya yi ɗorawa da shawara. Ya ce mu koma gida, a daina duk wani jiƙo da sassaƙe, mu dawo a sake auna jini.

Kin san mijinki. A gaban likita ya ce to. Muna isa gida sai ga amininsa Malam Buba daga Zandam, da gora cike da jan jiƙo a ɗaure bayan babur. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai a gabansa. Da Sani ya yi ƙarfin halin tuna masa maganar likita, cewa ya yi, “Mutum ya shiga daji ya sassaƙo saboda ni, in ce masa ba na sha? Ku ba ku da ta ido ne?”

Ni kuwa 'yar fari ce. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, in durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon garke. Ke ma haka kika yi da ni, amma ke kina da dabararki. Sai in tsaya ina daka, in faɗa wa turmi damuwata, ke kina can kina tsince wake kamar ba ki ji ba. Washegari sai in ga Baba ya aikata abin da na roƙa. Yanzu na faɗa wa turmi, na faɗa wa randa, babu mai kai saƙo.

Na tuna lokacin da Kaka take jinya, masu dubiya suna ta kawo magunguna. Kowa kika karɓa da godiya, har da rakiya bakin zaure. Suna juya baya ki tuttular a gindin dalbejiya, kina cewa, “Ita ma bishiyar nan ta ɗanɗana alherin jama'a.”

To na ɗauki sana'arki, Inna, sai dai na zarce ki. Na bar koyarwata a Birnin Kudu na tare a gida. Duk gorar da Malam Buba ya kawo, ni ke kai ta madafi. In zubar, in wanke, in dafa ganyen shayi ya yi ja wur, ba sukari, in cika in mayar. Baba ya kurɓa ya ce na wannan karon bai kai na baya ɗaci ba, Sani ya ce ai jiki ne ya saba.

Kuma ya yi sauƙi! Idonsa ya washe, ya koma cin tuwo, har yana fita duba shanu. Muka kai jini Kano, likita ya ce yanzu hantar za ta ɗauka, ya sa mana rana a mako mai zuwa. Ya kuma ja kunnena cewa ciwon yana nan yana girma, idan muka yi jinkiri har ya shiga babbar jijiya, ba za su iya sa shi a gwajin ba. Na fito ina kukan murna a bakin titi kamar wata mahaukaciya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Baba ya ce ba zai je ba. Ya ce ga magani yana aiki a gida, don me zai kwanta a buɗe masa cinya a gaban yara sa'annin jikokinsa? Ya tsaya a ƙofar masallaci yana shaida wa jama'a cewa Allah Ya ba shi lafiya ta hannun Malam Buba. Shayina ne yake yabo, Inna! Shi kuma Malam Buba, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya ce Baba ya koma Zandam ya zauna a gidansa, ya riƙa sha da zafinsa daga tukunya har a ƙarasa. Baba ya amince, har ya sa an wanke masa riguna. Can babu madafin da zan shiga.

Na roƙi Sani ya faɗa masa gaskiya, ya ce wadda ta dafa ita za ta sauke. Haushin kowa nake ji. Ina jin haushin Sani, da Malam Buba da alherinsa, da wannan kunyar da ta sa uba ba zai zauna da 'yarsa su yi maganar ransa ba. Har ke ina jin haushinki, Allah Ya yafe mini, da kika tafi kika bar ni da mutumin da ke kaɗai kika san ta inda ake shigar masa.

Gobe idan ya gama shan koko zan shiga ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa zama a ciki ba. Zan gaya masa cewa na yaudare shi, na sa ya yi shaidar abin da ba haka ba a gaban masallaci, na mayar da amininsa abin dariya. Na san ba zai ɗaga murya ba. Zai kau da kai ne, wataƙila gaisuwar ma ya daina amsawa. Ina kewarki, Innata, kewar da ban taɓa samun bakin faɗa miki ba kina raye.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya kwance mini harshe gobe, Ya sa Baba ya shiga motar Kano ko da ba zai kalle ni ba. Idan kuma fushi zai yi da ni, ya Allah Ka ba shi shekaru masu yawa da zai yi ta yinsa. Amin.

'Yarki,
Rabi