Matar Da Ba Ta Ɗaga Kai

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kaina ya ɗaure. Kin san maigidana yana shekarar ƙarshe a makarantar zane. Wata uku ke nan teburinmu ya cika da takardu da ɓawon fensir, sai a ƙasa muke cin abinci. Jiya ina goge ƙura, hannuna ya taɓa allon kwamfutarsa, irin wanda ake sarrafawa da yatsa. Sai ga zanen mace a kan kujerarmu mai karyayyen hannu, da ɗankwalina mai ɗigo-ɗigo, kanta a cikin littafi. Ni ce, Yaya, har yadda nake naɗe ƙafa ɗaya. In an taɓa ta sai ta juya shafi. In an ƙara, ta yi wa littafin murmushi. A na uku ta share hawaye.

Wai wannan ne aikinsa na kammalawa, kuma nan da mako uku za a baje shi a zauren makaranta, kowa ya zo ya taɓa. Na tambaye shi da izinin wa, ya ce da nawa, tun wata biyu ya tambaya na ce to. Da na yi tunani, lokacin ina tsakiyar littafin da kika ara mini, inda yarinyar ta ɓata a tashar jirgi. Ko gidan ya ce zai rushe, to ɗin zan ce.

In na hana, sai ya maimaita shekara. In na bari, baƙi su yi ta sa mini yatsa a fuska. A littattafai, miji in ya zana matarsa a ƙasan akwati yake ɓoyewa, sai ta gano da kanta ta yi kukan daɗi. Wannan kuwa ban san sunansa ba. So ne, ko talla?

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Na sami amsarki, na gode, ko da yake dariyar da kika yi mini ta fi shawarar yawa.

Kafin in yanke hukunci, malamarsu ta dawo masa da aikin. Ta ce bai cika ba: mutum yana taɓa matar, amma ita ba ta taɓa kula mutum. Tana so a sami wurin da za ta ɗaga kai ta dubi mai kallo.

Da ya fita na zauna na ƙirga zanen da ke kan tebur. Arba'in da biyu. Ina karatu a kujera, ina karatu a bakin taga, ina karatu tukunya na tafasa. Ko ɗaya babu idona a ciki, sai fatar ido da gashinsa. A kwandon shara na tarar da wasu a cukuikuye, kaina a ɗage, amma idanun na wata ce daban. Da na nuna masa, ya sosa ƙeya ya ce ya gwada har ya gaji, bai gan su sosai ba ne shi ya sa. Ba da fushi ya faɗa ba. Da faɗa ya yi, da na san shafin da muke.

Ranar Asabar da safe ya zaunar da ni a bakin taga, wai in dube shi kawai. Yaya, abin da wuya! Bayan minti biyar na fashe da dariya. Can na lura yana da ɗan tabo a cikin girar hagu, kuma yana cizon harshe in yana ja layi. Shekara ɗaya da rabi muna ɗaki ɗaya. Na san launin idon jaruman littattafai fiye da ashirin, ban san da tabon nan ba. Sai ga hawaye, shi kuwa ya ci gaba da zanensa.

Na ce ya kai aikin. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. An yi bajen jiya.

Na laɓe a bayan ginshiƙi ina kallo. Mutane suka yi layi suna ta dannar fuskata, ina ta juya shafi, ina murmushi, ina share hawaye. Kai kuwa bai ɗagu ba. Malamar na tsaye ta harɗe hannu. Na ce shi ke nan, abin ya lalace, shekara ta tafi.

Da layin ya ragu na matsa gaban allon. Kunya ta hana ni taɓa kaina, na tsaya kawai kamar gunki. Can sai matar ta rufe littafin a hankali, ta ɗago, ta dube ni. Idona ne sak, har da jan kukan ranar Asabar. Ashe ya sa 'yar kyamara a saman allon: sai wanda ya daina taɓawa ya tsaya ya jira ne take duba. Malamar ta daɗe tana kallo, ta gyaɗa kai. Ya ci, Yaya.

A hanya na tambaye shi dalilin jiran. Ya ce ai shi ma da jira ya same ni. Ban san ko yabo ne ko ƙorafi ba, kuma babu littafin da zan duba.

Ga naki nan na mayar, ban ƙarasa ba. In kin rubuto ki gaya mini ko an sami yarinyar nan a tasha. Ni yanzu da na buɗe shafi sai in ji kamar wani na tsaye yana jira.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta