Saƙonninka Suna Cikin Tsohuwar Waya

Auta,

Na leƙo na tarar kana barci, leɓenka a kumbure, na kasa tashinka. Na wuce asibiti wurin Baba.

Jiya da na shaƙe ka a ƙofar kicin na gwara kanka da bango, kana ta rantsuwa ka turo mini saƙo tun lokacin da Baba ya faɗi a banɗaki, ni kuwa ina cusa maka ƙaramar wayata a ido wai ka nuna mini shi. To, ba ƙarya ka yi ba.

Da safe na biya wurin mai gyaran waya. Ya ce da na cire layina daga tsohuwar babbar wayata na sa a wannan mai maɓalli, ban kashe tsarin saƙo ta intanet ba, shi ya sa duk abin da ka rubuto can yake tafiya. Na kunna babbar a gabansa, saƙonninka suka yi ta shigowa. Saura ƙiris in rotsa shegiyar da ƙasa, ya riƙe hannuna. Ya mayar da layin ya kashe abin, yanzu komai yana zuwa.

Akwai ƙanƙara a firji, ka ɗora a bakin. In Mama ta tambaya, kada ka ce faɗuwa ka yi. Ka ce ni ne.

A saƙonka na ƙarshe ka rubuta, "Yaya, kai yake ta kira." Na karanta. In na dawo ka rama, wallahi ba zan kare fuskata ba.

Yayanka