Kanwar Inna ta lalata mana ulu

Anti Raudatu, don Allah ki agaje ni, na rasa wanda zan faɗa wa. A Anbariyya nake zaune, a nan Madina, da mijina da yara da mahaifiyata. Tun da Baba ya rasu Inna ta daina magana sai dole. Jikokinta ma in ta yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Bayan layya wani maƙwabci ya ba ni gashin tumaki, suf ɗin nan mai laushi. Na wanke, na ce bari in gwada rina shi a gida in koyi kaɗi, don na ga mata suna yi a waya. Da Inna ta gani sai ta tashi zaune! Ashe tana yarinya ta yi kaɗin auduga a wurin kakarta, har mazarinta na nan cikin akwati. Ta aike ni wurin wata mai kayan Hausa na sayo karan dafi. Ta ce in zuba kanwa da yawa, in tafasa sosai, in juya da muciya kamar tuwo, sannan in ɗauraye da ruwan sanyi. Ranar har dariya ta yi, yara suka kewaye ta.

Anti, launi ya fito ja wur, amma ulun ya dunƙule ya zama kamar tsohuwar darduma, ko yatsa ba ya shiga. Na ɓoye shi a saman rufi. Kullum sai ta tambaya ko ya bushe, ni kuma in ce saura kaɗan. Mijina ya ce in je shagunan titin Sultana in sayo rinanne in ce namu ne. Wallahi tsoro nake ji, in ta san shawararta ce ta ɓata shi za ta koma cikin shirun nan. Yaya zan yi?

'Yar Anbariyya

Ƙanwata, na tausaya miki, kuma Allah Ya saka miki da wannan kula. Mijinki ma alheri yake nufi. Sai dai hannun da ya taɓa riƙe mazari ba a yi masa wayo. Tana shafa na kanti za ta gane, kuma abin da zai fi yi mata ciwo shi ne an mayar da ita yarinyar da ake lallashi.

Inna ba ta yi kuskure ba. Ilimin auduga ta ba ki, kuma auduga tana jure kanwa da tafasa da muciya. Gashin tumaki ne ba ya so. Gaba in za ki rina, fara da cikin tafi ɗaya. Jiƙa shi a ruwan alif, wanda masu kayan ƙamshi ke kira shabba. Sannan ki sa shi a ruwan karan dafi, wuta kaɗan-kaɗan, kada ya tafasa, kada ki juya, ki bar shi ya huce a tukunyarsa kafin ki ɗauraye. Kanwa kuwa a bar wa miya.

Amma kafin duk wannan, sauko da dunƙulen nan yau ki sa mata a cinya. Ki ce ya ƙi, ki tambaye ta me take gani. Wataƙila ta ɓata rai, wataƙila ta yi miki faɗa ta ce ke ce ba ki iya juyi ba. Ki bar ta ta yi, ai faɗa ma magana ce. Sannan ki sayo mata auduga, ta rina da hannunta yadda ta sani, jikoki suna kallo.

Ba jan launi ne ya tashe ta zaune ba, 'yar uwa. Buƙatarta da aka yi ce, bayan ta ɗauka babu sauran mai buƙatarta. Kada ki ƙwace mata wannan da sunan tausayi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa ku daɗe kuna jin muryarta.

Anti Raudatu