Na Ba da Aron Katin Marigayiya Yayata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Ni matar aure ce a Haɗeja, kuma ƙarar murfin kwano ce ta jefa ni cikin halin da nake ciki.

A jeren ɗakina akwai wata samira mai shuɗiyar fulawa da ba a zuba abinci a cikinta. Katin shaidar ɗan ƙasa na yayata ne a ciki, Allah ya jiƙanta. Bari in kira ta Hauwa. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu na bakin kogi, ya tafi da akwatinta da wayarta da hotunan aurenta. Katin nan kaɗai ya tsira, don roba ne, kuma yana ƙulle a bakin zaninta lokacin da aka kwaso su a kwalekwale. Ba ta cika shekara ba bayan nan ta rasu, ta bar min 'yarta Nana, wadda yanzu take da shekara bakwai. Duk duniya babu hoton uwarta sai ɗan ƙaramin da ke jikin katin. Kowace Juma'a in na gama mata kitso, sai ta taka kujera ta buɗe samira, ta kalli uwarta, ta karanta mata Ƙulhuwallahu, ta mayar ta rufe.

Wata Juma'a babbar yayar mijina ta zo gidan. Hajiya ce mai haƙorin Makka guda biyu, kuma ba ta dariya sai ta gefen da suke. Ba a biki ko suna daga nan har Gumel ba ta je ba, ko an gayyace ta ko ba a gayyata ba. Muna zaune a tsakar gida tana cin bandar kifin da na ajiye don miyar gobe, sai murfin ya yi ƙwal a ɗaki.

"Amarya, ɓera ne a jerenki, ko marainiyar taki ce ta fara ɗan hali?"

Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan, har yau ni amarya ce a bakinta. Na ce, "A'a Yaya, hoton uwarta take kallo." Da na san abin da zai biyo baya da na ce ɓera ne.

Ta sa aka kawo mata katin, ta juya shi da yatsun da ke da maiƙon kifi, ta ɗaga shi kusa da fuskarta. Ashe akwai bikin 'yar ƙawarta a wani gari can bayan Maigatari, cikin Nijar, tafiyar kwana biyu kacal. A da mutanenmu kan tsallaka da gaisuwa kawai, kowa ya san kakan kowa. Yanzu a shingen kan iyaka sai an ce kowa ya ɗaga katinsa, wanda ba shi da shi a sauke shi ya yini a rana. Ita kuwa Hajiya ba ta taɓa yin kati ba, fasfon da ta je Makka da shi kuma ya daɗe da ƙarewa. Sau nawa mijina yana cewa zai kai ta? Amsarta ɗaya ce: "Ni in bi layi da masu tallan gyaɗa, yaro ya ce in cire ɗankunne in kalli nan?" Girmanta bai bar ta ta tsaya a layi ba, amma ya bar ta ta ari fuskar matacciya.

Na ce, "Yaya, ai ba ku yi kama ba."

Ta ce, "Wa ke duba fuska? Hijabi duk ɗaya ne. Yaron da ke shinge ta taga yake leƙowa, ya ga roba, ya ce a wuce. Ita kuma mai katin me za ta yi da shi? Inda take ba a tambayar kati."

Ta yi dariya ta gefen zinare. Ni kuma, jama'a, na miƙa mata. Ba tsare ni ta yi ba, ba ƙwacewa ta yi ba. Tsoro na ji kada a ce matar ƙani ta hana babbar yaya abu, kada in shiga bakinta a gidajen biki. Ni da nake zuwa Islamiyya kullum, ni da na san hukuncin amana tun ina aji uku na sakandare, na sayar da amanar marainiya don a ce ina da kirki. Wace irin mace ce wannan? Har rakiya na yi mata zuwa zaure, ina cewa Allah ya kiyaye hanya.

Juma'ar da ta biyo baya murfi ya yi ƙwal, sai shiru. Nana ta fito da samira a hannu. Na ce mata damshi ne ya fara taɓa katin, na kai a gyara. Ƙarya na yi mata da alwalata. Ta ce, "To Inna, a gyara mata da kyau," ta karanta Ƙulhuwallahunta a kan kwano babu komai, ta mayar.

Wata huɗu ke nan. Na aika gidan Hajiya, an ce tana barci. Na kira, ta ce yana cikin jakar da ta ba wata aro. Na je da ƙafata har gidanta, na durƙusa na gaishe ta, ta bar ni a durƙushe tana waya kan ankon wani bikin. Da ta gama ta ce, "Amarya, a kan 'yar robar nan kika hau mashin? Kin cika ƙanƙan da kai. Zan aiko."

Gaskiyar magana a gidan suna na ji ta, makon da ya wuce, a unguwarmu. Na je da Nana. Hajiya na zaune a kan katifar da aka shimfiɗa wa manya, ƙawayenta kewaye da ita, kowace da kwanon shinkafa biyu, na ci da na tafiya da shi. Ashe katin ya zama na ƙungiya. Duk wadda za ta tsallaka biki ko sarin turare da atamfa, gidan Hajiya take biyawa ta karɓa. Wata mai ƙiba ta ce, "Katin nan akwai albarka, ni da shi na je Magarya, ko kallona ba a yi ba." Wata ta ce ita sai da aka tambaye ta suna, ta kusa faɗin nata, Allah ya taimake ta ta tuna. Sai Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Ai Hauwa bana ta fi kowa yawo. Sau shida tana zuwa Nijar." Suka kwashe da dariya, shinkafa a baki. Mata masu jikoki, masu carbi a hannu. Yayata da ba ta taɓa wuce Malam Madori ba a rayuwarta, wadda ko kasuwa ba ta zuwa sai da izini, ita ce yau abin nishaɗin waɗannan. Na duba gefena, na ga Nana ta daina cin alkakinta.

Mijina bai san komai ba. Mutum ne mai zafi a kan gaskiya, kuma shi ya karɓi Nana daga hannun mahaifinta, ya ce amanarta a wuyansa. In na faɗa masa, zai bar gonar shinkafarsa ya tafi gidan yayarsa, kuma abin da zai fito daga bakinsa ba zai koma ba. Dangi za su ce ni na raba su, kuma zai san matarsa ta yi wata huɗu tana yi wa marainiya ƙarya a cikin gidansa. In na yi shiru, wata rana wani jami'i mai ido zai dubi hoto ya dubi fuska, ya riƙe katin, ko a kama wata da kayan da bai kamata ba, a rubuta sunan yayata a takardar masu laifi. Daga ranar Nana ba ta da fuskar uwa har abada. Ba girman Hajiya nake gani ba yanzu, wannan ya zube tun a gidan suna. Kunyar kaina ce ta ɗaure ni.

Don Allah ku ba ni shawara. In fara da mijina, ko in shiga ɗakin Hajiya in zazzage jakunkunanta, a kira ni marar kunya? Me zan yi? Kuma wace amsa zan ba yarinyar nan? Jiya Juma'a na gama mata kitso, ba ta taka kujera ba, ba ta taɓa samira ba. Ta zauna a gabana tana wasa da bakin zanina, sannan ta ce:

"Inna, tunda Ummana tana iya zuwa Nijar, me ya sa ba ta biyowa ta nan ta gan ni?"