Finjali na Uku

Zuwa ga Yaya Ramiza,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki, ga aiki ga nisan Malmo. Rasa wanda zan faɗa wa na yi. Ina fata kuna lafiya, Allah Ya ƙara muku ita. Mu nan Travnik alhamdu lillahi, ƙafar Inna ce dai kamar kullum.

Maganar ƙanenmu Midhat ce. Ran Lahadi ya zo ya ce Juma'a ta sama zai ɗauke Inna ta koma gidansa a Sarajevo, kusa da likitoci. Ban iya musu ba. Wa zai ja da lauya, kuma ɗan majalisa? Har da tsokanata, wai malama sarkin haƙuri, in huta haka nan. Inna kuwa bai rufe baki ba ta ce in sauko mata da akwati.

Kin san tun ranar da ya bi ta saman gonar tuffarmu da jirgin soja ya karkata mata fiffike, ba ta da zance sai nasa. Ya daɗe da ajiye kaki, amma har yau in ta ji ƙugin jirgi sai ta ce in fitar da ita ta ɗaga hannu. Ni ke tallafe ta. Kowace safiya kuma tana zuba gahawa finjali uku, na ukun na wanda ba ya nan, kamar yadda aka saba. Ke ma ba kya nan, amma sunan Midhat kaɗai take kira. Gahawar ta huce, in zubar, in wanke. Shekara goma sha tara ke nan.

Jiya na ɗauki na ukun na shanye a gabanta. Ta dube ni ta ce ashe tsufa zan yi da haɗama. Na yi istigfari, don mun karanta abin da hassada ke yi wa lada, amma Yaya, ban ji ta fita ba.

Ɗazu ina shirya mata kaya ta ce in naɗe finjali uku. Can Midhat zai kasance a gabanta. Na kasa tambayarta na ukun na wane ne.

In na roƙe ta ta zauna, son kai ne? Ki gaida Yaya Nusret da Lamija. Don Allah ki ba ni amsa kafin Juma'a.

Ƙanwarki,
Zehrija